Baƙin man injin jirgi: maganar kauri da lambobin da ke jikin galan

Kwanakin baya ina zaune bakin ruwa a Yauri ina jiran kawuna ya gama lodi, sai ga wani matashi ɗan fito ya zo wajen mai sayar da mai, ya ɗauki galan ya girgiza, ya buɗe ya ɗiga a yatsa ya murza, ya yatsina fuska ya ce wannan ai ruwa ne, a ba shi mai kauri. Mai kaya kuwa ko gardama bai yi ba ya miƙo masa wanda aka rubuta 20W-50, tunda shi dai ciniki yake nema. Na ce masa ɗan'uwa wane inji za ka zuba wa? Ya ce arba'in ce, mai haɗi, ma'ana inji mai ƙarfin doki 40 wanda ake haɗa masa mai da fetur. Wato baƙin man mota zai kwara cikin fetur ya ɗura wa injin da ko wurin ajiyar baƙin mai ba shi da shi. Na yi masa bayani iya iyawata, ya saurara dai don kunya, amma na san abin da ke ransa, haka ubangidansa ke yi kuma jirgin na tafiya.

Toh wannan tunanin na cewa mai kauri shi ne mai kyau daga gareji muka kwaso shi, daga tsofaffin motocin da injinsu ya gaji yake shan mai, bakanike ya ce a sa mai kauri hayaƙi ya ragu. A mota ma ba kullum yake daidai ba, balle a ruwa.

Kafin ka tambayi wace lamba za ka saya, fara sanin wane irin inji ne a bayan jirginka. Cire murfin kai ka duba. In ka ga murfin zuba mai, yawanci ruwan ɗorawa ne, da ɗan sandar gejin mai da ake zarowa, to fo-sitirok ne, yana da tukunyar mansa a ciki kamar mota kuma ana yi masa juye. In babu waɗannan, kuma kullum sai an haɗa mai da fetur a jarka, to tu-sitirok ne, irin su Yamaha Enduro 15 da 40 da 75 da suka cika Kainji da Binuwai da Baga. Sai kuma masu injin gas, wato dizal, a cikin babban jirgi. Kowanne da mansa daban, kuma duk injin da ake ratayawa a bayan jirgi yana da wani mai na dabam a can ƙasan ƙafarsa kusa da farfela, wato man giya, shi ma zan zo kansa don nan ne aka fi yin sakaci.

Lambobin nan ba wani sirri ba ne. Wata ƙungiyar injiniyoyi ce ta Amurka, SAE, ta tsara su. In ka ga 10W-40, lambar farko mai W tana gaya maka yadda man ke gudu lokacin da yake da sanyi, da asuba kafin inji ya ɗau zafi, ƙaramar lamba na nufin ya fi saurin zagayawa. Ta biyun kuma kaurinsa ne in ya kai zafin digiri 100, wato lokacin da inji ke tsakiyar aiki. A wannan zafin mai lamba 30 kaurinsa tsakanin 9.3 da 12.5 yake a ma'aunin da suke amfani da shi, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa kusan 22. Ba sai ka haddace ba, abin da nake so ka gane shi ne 10W-40 da 15W-40 da zallar SAE 40 duk in sun yi zafi a aji ɗaya suke, bambancinsu yana wajen sanyi ne kawai. Shi ya sa gwajin yatsa ke yaudarar mutane, kana taɓa man ne a inuwar rumfa, shi kuwa inji a tafashe yake aiki da shi. Wanda ka raina ka ce ruwa ne, in an kai su wuta tare da wancan mai danƙon, matuƙar lambarsu ta biyu ɗaya ce sai ka ga kusan kaurinsu ɗaya, sai dai shi ya riga isa boris da asuba yayin da mai danƙon ke ta jan ƙafa.

Bari in fara da mai haɗi tunda shi ne a hannun yawancinmu. Gaskiyar magana shi wannan injin babu ruwansa da 10W ko 20W ko 50. Man da kake haɗawa yana bi ta kafireta tare da fetur, ya shafi kiranshaf da boris da fistin, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Tunda ƙonewa zai yi, abin da ake buƙata shi ne ya narke cikin fetur tas, ya kuma ƙone bai bar toka ba. Abin da za ka nema a jikin robar shi ne TC-W3, shaida ce ta ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, kuma W ɗin nan na ruwa ne, ma'ana injin da ruwa ke sanyaya shi. Baƙin man mota an zuba masa sinadaran da aka yi don ya zauna a tukunya yana zagayawa wata da watanni, ba don a ƙona shi ba, in ka ƙona shi sai ya bar ƙura mai tauri a kan fistin, ya daskare a ramin ring, ya toshe hanyar hayaƙi, fulogi kuwa kullum baƙi ƙirin.

Na ga wannan da idona a injin kawu. Shekara da shekaru SAE 40 na mota yake haɗawa, in an yi magana ya ce ai ya fi auki. Injin ya fara da wuyar tashi, sai an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, daga nan ya daina ɗaukar kaya yadda ya saba, lodin buhunan da yake tsallakewa da su ba wahala ya koma yana nishi. Ranar da aka kwance shi a gindin bishiya aka shimfiɗa buhu aka jera kayan ciki, ring ɗin sama ya manne a jikin fistin kamar an yi masa walda, bakanike sai da ya sa tsinken ƙarfe yana ƙwaƙula baƙin abu na zubowa kamar ƙanzon tukunya, jikin silinda kuma duk zane. Kawu ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yaro, duk wannan a cikinsa yake?" Na ce Kawu ai shi ne aukin. Bai yi dariya ba, don kuɗin fistin da ring da gasket da kwanakin da jirgi ya yi a ɗaure sun ninka abin da ya tara na rangwamen mai. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma man 2T na babur da janareto, wanda shi ma na haɗi ne. An yi shi ne don injin da iska ke sanyaya shi, wanda ya fi na jirgi zafi nesa, a injin ruwa yakan bar ɗan datti a fulogi musamman in kana yawan tafiya a silo wajen duba koma. A ganina in ka maƙale a wani ƙauyen tsibiri babu TC-W3, gara 2T ɗin sau goma da man mota, ka lallaɓa ka kai gida, amma kar ya zama shi ne abincin injin kullum.

Sai awo, wanda shi ne ainihin "kaurin" mai haɗi. Irin su Enduro 40 awonsu 50 da 1 ne, wato duk lita 50 na fetur lita 1 na mai. A sauƙaƙe, kowace lita ɗaya mililita 20. Jarka mai lita 25 rabin lita kenan cif, robar ruwan sha ta 50cl busasshiya cike ta isa. Lita 20 mililita 400, lita 10 mililita 200. Sabon inji ko wanda aka sa wa sabon fistin da ring, awa 10 na farko ana ninkawa ne, 25 da 1, wato lita guda a jarka 25, kuma ba a matsa masa wuta har ƙarshe a wannan lokacin. Ka lura da tsohuwar jarkar da ta kumbura, tana cin fiye da abin da aka rubuta a jikinta, in za ka iya ka auna ta sau ɗaya ka yi mata alama. Wajen haɗawa kuma kar ka cika jarka sannan ka tsiyaya mai a kai ka ce tafiya za ta gauraya, zuba fetur kaɗan tukuna, ka sa man, ka rufe ka jijjiga sosai, sannan ka ƙarasa cikawa. Masu cewa bari in ƙara ɗan mai don tsaro, abin da suke samu hayaƙi ne da fulogi mai jiƙewa da ɗigon mai a bayan jirgi. Masu ragewa don tsimi kuma su ne ake jawowa da igiya. Wasu ƙananan injuna awonsu daban ne, akwai masu 100 da 1, don haka ka duba takardar da ke manne a jikin naka.

Yanzu fo-sitirok, nan ne maganar lamba take da gaske. Sun fara yawa saboda tsadar fetur, suna da tsimin mai ba kaɗan ba, amma ba sa yafe sakaci irin yadda tsohuwar arba'in ke yafewa. Ka tuna yadda injin jirgi ke aiki: mota a kan titi injinta na juyawa kamar 2,000 zuwa 3,000 a minti, tana samun gangara ta huta, shi kuwa na jirgi in ka buɗe masa wuta 5,000 zuwa 6,000 yake yi, ruwa na riƙe da shi babu sassauci, kamar motar da ta ɗauko kaya tana Hawan Kibo ne amma hawan ba ya ƙarewa. Ga shi a tsaye yake, kiranshaf ɗinsa a miƙe sama, dole famfo ya tura mai daga ƙasa har can kai. Ga laima kullum. Saboda haka ne NMMA ta fito da shaidar FC-W ta man fo-sitirok na ruwa, an gwada shi kan tsatsa da kuma riƙe kaurinsa ko da an wahalar da shi ko fetur ya ɗan shiga cikinsa.

Me kamfanonin suka ce? Honda 10W-30 take so. Suzuki an fi saninta da 10W-40. Littafin Yamaha zaɓin farko 10W-30 ko 10W-40 ko 5W-30, sannan ya kawo 15W-40 da 20W-40 da 20W-50 a matsayin zaɓi na biyu. Mercury kuma tana da nata 25W-40 da take ba wasu manyan injunanta, ƙananan kuma 10W-30. Ka ga kenan babu lamba ɗaya da ta dace da kowa, littafin injinka ne alƙali, in ka sayi na hannu babu littafi ka kwafi lambar samfurin da ke jikin maƙalin da ke kama jirgi, ka sa wani yaro ya nemo maka shi a intanet, akwai shafin da aka zana jadawalin zafin gari da man da ya dace da kowane zafi.

Ni dai a yanayinmu, inda watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40, sanyin hunturu kuma duk tsananinsa bai kai na ƙanƙara ba, in littafi ya ba da dama 10W-40 nake zaɓa, musamman ga jirgin da ke wuni da lodi. 10W-30 ma babu laifi ko kaɗan, kar wani ya tsorata ka, ai ruwan kogi ne ke sanyaya injin ba iskar gari ba, zafin rana bai dame shi kamar yadda yake damun babur ba. 15W-40 mai kyau shi ma yana yi a inda aka halatta shi. Wanda ba na so shi ne mutum ya sayi sabon inji dal ya fara masa da 20W-50 ko zallar 50 don kawai ya saba. Sabon inji tsakanin ƙarafunansa a matse yake, mai kauri na jinkirin shiga da safe, kuma wannan 'yan daƙiƙun farko su ne lokacin da ƙarfe ke cin ƙarfe, sannan injin na wahalar juya shi, ya ƙara shan fetur. A ɗaya gefen kuma ka guji man sababbin motoci irin 0W-20 da 5W-20, sun yi tsinkewa da yawa ga wannan aikin ko da tsadarsu ta burge ka. In inji ya tsufa ya fara shan mai aka ce ka hau zuwa 20W-50, toh ka sani rufa-rufa ce kafin ka tara kuɗin gyara.

Wani abu da ke ɓata duk wannan lissafin shi ne cire tamostat. Bakanikenmu da yawa da sun ga inji ya ɗan yi zafi sai su zare shi su jefar su ce ƙasar sanyi aka yi wa. Alhali aikinsa ya tsare ruwa har inji ya ɗau ɗumin da ya kamata. In babu shi injin kullum a sanyaye yake aiki, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa sulalewa ta gefen ring yana gangarawa cikin baƙin mai, sai ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, har wani ya yi murna wai injinsa ba ya shan mai. Shinshina sandar, in ka ji warin fetur to 40 ɗin da ka zuba ta riga ta tsinke ta koma wani abu daban. Yawan barin inji a silo na tsawon lokaci ma yana kawo haka. Maganinsa a mayar da tamostat, a yi juye, kuma lokaci-lokaci a buɗe wa injin wuta ya yi zafi sosai. In kuwa man ya koma kalar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, kar ka sake tayar da shi sai an gano ta ina.

Wajen duba geji injin ya kasance a miƙe tsaye, ba a ɗage ba, a bar shi ya huta 'yan mintuna bayan an kashe, man ya tsaya tsakanin alamomi biyun, kar ka cika ya wuce ta sama don kiranshaf zai riƙa kaɗa shi yana kumfa. In za ka kwantar da ƙaramin fo-sitirok a mota ko a ɗaki akwai gefen da aka yarda a kwantar da shi, an zana a jikinsa, ka kwantar ta ɗaya gefen mai ya cika silinda gobe igiya ta ƙi jawuwa. Juye na farko a awa 20, bayan nan duk awa 100 tare da filta in yana da ita. Awa 100 ga ɗan fito mai aikin awa 5 a rana kwana 20 ne kacal, ba wata shida ba, don haka ka riƙa rubuta ranar juye da alƙalamin maka a cikin murfin injin. Tsohon man kuma don Allah a tara a galan a kai gari, masu katako da masu zuba bulo suna nema, kar a tuttular a ruwan da muke sha muke kama kifi.

Masu injin gas maganarku gajeriya ce. 15W-40 shi ne gama-gari, amma ku duba alamar API, wato ajin ingancin man da aka rubuta a jikin galan, harafin ya fara da C, kamar CF ko CH-4 ko CI-4, wanda ya fara da S kaɗai na fetur ne. Tsofaffin injuna masu silinda ɗaya zallar SAE 40 na gas tana yi musu a zafin nan namu. Wanda kuma ya ɗora ƙaramin inji irin na famfon ban ruwa da dogon ƙarfe da farfela, wannan iska ke sanyaya shi, ya fi na ruwa zafi, ɗan man da ke cikinsa kuma kaɗan ne, 10W-30 ko SAE 30 littafin irinsu Honda GX ya ce, kuma yana son juye akai-akai.

Man giya fa, wanda na ce zan dawo kansa. Ana rubuta SAE 90 ko 80W-90, da GL-4 ko GL-5 gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Kar 90 ɗin ta ruɗe ka, ma'aunin man giya daban yake da na inji, 90 na giya a kauri kusan sa'ar 40 zuwa 50 na inji ce. Sai dai wannan bai sa a zuba baƙin mai a madadinsa ba, don man giya yana da sinadarin da ke hana haƙoran giya cinye juna, shi ne ma wannan warin nasa mai hawa kai. Noti biyu ne a jikin ƙafar, na sama da na ƙasa. Ka tsayar da injin, ka tara kwano, ka kwance na ƙasa sannan na sama, ka duba abin da ya fito. Ɗan garin ƙarfe mai laushi a kan notin ƙasa, wanda yawanci yake da maganaɗisu, ba komai ba ne, amma ɓarɓashi mai kama da tsakuwa matsala ce. Wajen zubawa ta ramin ƙasa ake matsa shi yana hawa har ya ɓullo ta ramin sama, sai ka ɗaure na sama tukuna, sannan ka zare robar ka yi maza ka ɗaure na ƙasa. Masu ɗurawa ta sama iska ke tare musu hanya, su zaci ya cika alhali ko rabi bai kai ba. Na arba'in duka-duka bai kai rabin lita ba. Ka sa sabon wosha a notin biyu in da hali. In man ya fito fari-fari kamar kindirmo, cire farfela ka leƙa bayanta, sau tari za ka tarar da zaren koma ko na mamari ya nannaɗe a jikin shaf ya narke ya yanka sil, wato robar da ke tare ruwa, ta nan ruwa ke shiga, kuma ko ka zuba sabon mai sau nawa in ba a canza sil ɗin ba kwana biyu zai sake yin fari.

Duk lambar da ka zaɓa kuma sai abin da ke cikin galan ya zama shi ne aka rubuta a waje. Man da ake aunawa a kwalba daga buɗaɗɗen duro ba ka san kaurinsa ba, shi kansa mai sayarwar sau da yawa bai sani ba, akwai wanda tsohon mai ne aka tace. Ka sayi rufaffe, ka duba zoben murfin bai tsinke ba, rubutun jiki ba ya gogewa da yatsa, akwai lambar ɗauri da ranar da aka yi shi, kuma ka tsaya wajen dila ɗaya da ka sani wanda in an samu matsala za ka iya komawa ka same shi. In ka gama da galan ɗin ka huda gindinsa ko ka yanke shi ka yi abin kwarfar ruwa da shi, don irin waɗannan tsofaffin galan masu kyan gani su ake bi ana saye a sake cikawa.